Uba a Littattafan Hausa na Farko: Sharhi Daga Ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta ɗauki littattafai huɗu daga cikin ƙagaggun labaran Hausa na farko, wato Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Jiki Magayi da kuma Magana Jari Ce, domin ta duba abu guda a cikinsu: yaya suka nuna uba, kuma wane aiki suka ɗora masa a kan 'ya'yansa? Ba da ka aka zaɓi waɗannan littattafai ba. Da farko dai, su ne aka daɗe ana karantawa a makarantunmu, har ya kasance da wuya a sami wanda ya yi karatun boko a ƙasar Katsina bai san Alhaji Imam ko Waziri Aku ba. Na biyu, Katsina tana da hannu dumu-dumu a samuwarsu. Abubakar Imam, wanda ya rubuta biyu daga cikinsu, ya yi karatu a Kwalejin Katsina daga 1927 zuwa 1932, ya kuma koyar a Makarantar Midil ta Katsina. Abubakar Tafawa Ɓalewa, marubucin Shaihu Umar, shi ma a wannan kwaleji ya yi karatu daga 1928 zuwa 1933.

Za a auna abin da littattafan suka faɗa da rayuwar wani yanki na jihar, wato Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Dalili kuwa shi ne, yanki ne na manoma inda dangantakar uba da ɗa ta ginu a kan gona, kuma yana cikin wuraren da rashin tsaro ya fi girgiza wannan dangantaka. Abin da maƙalar take son tabbatarwa shi ne: littattafan sun nuna uban da yake nesa da ɗansa, amma a kullum suna tanadar wani wanda zai tsaya a madadinsa. Mu kuwa a yau mun gaji nisan, amma masu tsayawa a madadin sun watse.

2.0 Uba a Ƙasar Noma

Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ƙananan hukumomi ne da ke kudu maso yammacin Jihar Katsina. Ƙanƙara da Faskari sun yi iyaka da Jihar Zamfara, Sabuwa kuwa ta yi iyaka da Jihar Kaduna. Ƙasa ce mai samun ruwan damina fiye da arewacin jihar, ana noman dawa da masara da auduga. Tun zamanin Turawa Daudawa ta ƙasar Faskari ta yi suna wajen samar da irin auduga, kuma Shirin Bunƙasa Noma na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya, ya haɗa da gundumomin Ƙanƙara da Faskari.

A irin wannan ƙasa, makarantar farko ta ɗa namiji ita ce gandu. Uba shi ne shugaban gandu. Shi ke samar da iri da garma da fartanya, shi ke ciyar da gida daga rumbu, shi ke biya wa 'ya'yansa haraji a lokacin da ake biyansa, shi ne kuma ke yi musu auren fari. Su kuma 'ya'ya su yi masa aiki tun daga sharar gona da shuka, zuwa noman firi da maimai da huɗa, har girbi. Yakan yanka wa kowane baligi gayauna domin ya noma abin kansa. A tsakanin kuyya da kuyya ne yaro ke koyon haƙuri da tattali da sanin iyakar gonar maƙwabci. Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da birnin Katsina, ta nuna a littafinta na 1972 cewa gandu ya fi ƙarfi a gidajen manoma masu hali, 'ya'yan matalauta kuwa sun fi saurin barinsa. Ke nan tun a wancan lokaci abin hannun uba yana da tasiri a kan yawan zaman da ɗa zai yi a gabansa.

Sai dai kusancin gona bai hana nisan baki ba. A al'adance uba yana jin kunyar ɗansa na fari, ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi a gaban mutane. Sau da yawa ma akan ba da shi riƙo ga kaka ko baffa ko gwaggo. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka daga bakinta a Giwa, maƙwabciyar wannan yanki, aka buga a 1954, cike yake da misalan wannan kunya da wannan riƙo. Al'ada ba ta bar yaro haka kawai ba. Ta kewaye shi da kaka mai wasa da shi, da baffa mai tsawata masa, da kawu mai jin kukansa, da malamin allo, da dattawan ƙofar gida. Wannan ne ma'anar cewa ɗa na kowa ne. Uba yana iya yin shiru domin akwai bakuna da yawa masu magana a madadinsa.

3.0 Uban da Ba Ya Nan: Ruwan Bagaja da Shaihu Umar

A 1933 ne Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya nemi malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, aka fara buga waɗanda suka yi fice a 1934. Abin da mai nazari zai fara lura da shi a biyu daga cikinsu shi ne, taurarinsu marayu ne.

A Ruwan Bagaja, mahaifin Alhaji Imam ya riga ya rasu, limamin da ya auri mahaifiyarsa shi ne ya zame masa uba. Da ɗan Sarki ya kwanta ciwo, limamin ya ambaci Ruwan Bagaja a matsayin magani, aka mayar da shi abin dariya a fada. Wannan wulaƙanci ne ya fitar da Alhaji daga gida, ya yi shekaru yana yawon duniya. Masu karatu sun fi tuna rikicinsa da Malam Zurƙe, amma ginshiƙin labarin shi ne ɗa ya fita domin ya wanke uban da bai haife shi ba. Marubucin bai tsaya yana bayyana irin riƙon da limamin ya yi masa ba, kuma wannan gibi ne a littafin. Duk da haka, girman sadaukarwar ya isa ya nuna girman riƙon, domin ba a shan irin wannan wahala saboda wanda bai kyautata ba. Yana da kyau a tuna cewa shi kansa Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, a hannun yayansa Malam Bello Kagara, marubucin Ganɗoki, ya yi zaman karatu a Katsina. Ya san daɗin babban wa, wanda Hausawa suka ce uba ne.

A Shaihu Umar lamarin ya fi tsanani. Umar ya rasa mahaifinsa tun da wuri. Makau, mijin mahaifiyarsa, ya faɗa cikin makircin fada aka kore shi daga gari. Daga nan aka sace yaron, ya yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu har ya isa ga Balarabe Abdulkarim, wanda ya ƙetara Sahara da shi, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama babban malami. Darasin a fili yake: wanda ya ba yaro ilimi da tarbiyya shi ne ya yi aikin uba, ko daga wace ƙabila ya fito. Amma akwai abin dubawa. A duk tsawon littafin, wadda ta bar gida ta bi sawun yaron, har ita ma ta faɗa cikin bauta, ita ce mahaifiyarsa. Babu wani namiji daga dangin uba da ya ɗaura ɗamarar nemansa. Marubucin ya ba uwa zafin rashi, ya ba baƙo ladan tarbiyya, ya bar gurbin dangin uba fayau. Ko da gangan ya yi ko ba da gangan ba, wannan shiru tuhuma ce.

4.0 Son Haihuwa Ba Tare da Shirin Riƙo Ba: Jiki Magayi

Jiki Magayi, na John Tafida da Rupert East, ya sa uba mahaifi da ɗansa a gida ɗaya. Malam Shehu attajiri ne wanda bai sami haihuwa ba. Ya yi amfani da dukiyarsa ya auri Zainabu, alhali ta riga ta yi alkawari da saurayinta Abubakar. Aka haifi ɗa, aka yi masa laƙabi da Kyauta. Abubakar kuwa ya shiga duniya neman asirin ramuwa, ya samu, yaron ya tashi ɓarawo, ya zubar da mutuncin gidan, daga ƙarshe ya zama ajalin ubansa ba tare da ya san shi ne ba.

Ƙarfin wannan littafi shi ne ya nuna cewa ubanci yana farawa tun kafin a haifi ɗa. Hanyar da aka bi aka auro uwa, da haƙƙin da aka taka wajen aurenta, duk suna cikin gadon da yaro zai tarar. Malam Shehu ya so magaji, ya biya kuɗi ya samu, amma bai tsaya ya tambayi kansa ko a kan wane harsashi yake gini ba.

Rauninsa kuwa shi ne ya rataya lalacewar Kyauta a wuyan sammu. Da zarar an ce asiri ne, to an sallami uba daga tambaya. Mai karatu ba ya samun damar ganin inda Malam Shehu ya yi sakaci a zaman yau da kullum, ko inda ya shagwaɓa yaron da aka daɗe ana jira. Wannan rauni bai tsaya a takarda ba. Har gobe idan yaro ya kangare a garuruwanmu, abin da aka fi ji daga bakin uba shi ne an yi masa hannu, ko abokai ne suka ɓata shi. Ba a cika jin wanda ya ce rabona da in zauna da shi tun yana ɗan shekara bakwai ba. Littafin ya ba mu labari mai ratsa jiki, amma ya ba iyaye maza mafakar da ba su cancanta ba.

5.0 Wa Ke Magana da Yaro da Dare? Magana Jari Ce

Magana Jari Ce, wanda aka buga cikin juzu'i uku daga 1937 zuwa 1939, an fi ɗaukarsa a matsayin tarin labaran ban dariya da hikima. Amma idan aka dubi zaren da ya ɗinke labaran, za a ga littafi ne a kan uba da ɗa tun daga farko har ƙarshe.

Sarki Abdurrahman ya daɗe yana neman ɗa namiji, aka yi ta addu'a har Allah ya ba shi Musa. Da yaƙi ya tashi tsakaninsa da Sarkin Sinari, sai ya fita daga, ya bar Musa a gida cikin tsaro, da umurnin kada ya fita. A bisa ma'aunin da yawancin iyaye maza suke auna kansu da shi, Sarki ya gama nasa: ya ciyar, ya tufatar, ya sa masu gadi, ya ba da umurni. Amma Waziri, wanda aka bar wa amanar gari, ya haɗa baki da abokan gaba, ya shirya yaudarar da za ta fitar da Musa da dare. Abin da ya tsare yaron shi ne aku. Duk daren da Musa ya yi shirin fita, aku ba ya ce masa kul, sai ya jawo wani zance da zai sa shi tambaya, daga tambaya sai labari, daga labari sai asuba.

Manazarta sun nuna cewa wannan tsari na aku mai hana fitar dare ya samo asali ne daga tsofaffin labaran ƙasashen Indiya da Farisa. A can, matar wani ɗan kasuwa ce aku yake tsarewa bayan mijinta ya yi tafiya. Abubakar Imam ya cire matar ya sa ɗa. Wannan canji shi ne babbar gudummawarsa, domin ya mayar da labarin kishi ya zama labarin tarbiyya. Abin da yake nunawa shi ne, idan uba ya yi nisa, kunnen ɗansa ba ya zama a rufe. Dole wani ya yi magana a cikinsa, ko Waziri ko aku. Katanga da masu gadi suna tsare jiki ne, amma yaron da zuciyarsa ta riga ta fita, ƙafarsa za ta bi.

A juzu'i na uku marubucin ya kammala darasin. Aku, wanda yanzu ya zama Waziri, ya zaunar da ɗansa Fasih yana koya masa sana'ar magana da kansa, yana ba shi labari, yana sa shi ya maimaita, yana gyara masa, yana kuma hora shi idan ya yi sakaci. A duk littattafan huɗu, wannan ne wuri guda da aka ga mahaifi ya zauna ya koyar da ɗansa baki da baki, kuma abin lura shi ne tsuntsu aka ba wannan matsayi. Ana iya fassara wannan da cewa kunyar da ke tsakanin uba da ɗa ta yi ƙarfin da sai an fake da dabba kafin a nuna yadda ya kamata a yi. Alhali kuwa misalin yana nan a Alƙur'ani mai girma, a Suratu Luƙman, inda aka kawo uba yana yi wa ɗansa wasiyya da tattausan lafazi a kan tauhidi da salla da haƙuri da ƙanƙan da kai. Addini bai san kunyar da za ta hana uba magana da ɗansa ba.

6.0 Inda Littattafan Suka Gaza

Ba za a yi wa waɗannan littattafai adalci ba idan aka yabe su aka ƙi faɗin inda suka tsaya. Gazawa ta farko ita ce 'ya mace. A cikinsu duka, ɗa namiji ne ake nema, shi ake tsarewa, shi ake koyarwa. Sarki Abdurrahman yana da 'ya tun kafin Musa, amma labarin ya ɗauke shi tamkar marar haihuwa. Zainabu ta Jiki Magayi kuwa, ana iya cewa kaya ce da aka miƙa wa wanda ya fi tsoka. Sai da mata suka ɗauki alƙalami da kansu sannan aka ga uba ta idon 'yarsa. Balaraba Ramat Yakubu, a Wa Zai Auri Jahila? ta nuna uban da ya cire 'yarsa daga makaranta ya aurar da ita ga wanda ya haife ta, a Alhaki Kuykuyo Ne kuma ta nuna Alhaji Abdu, wanda ya kori matarsa Rabi da 'ya'yanta tara saboda sabuwar amarya. A nan babu sammu, babu Waziri. Uba ne da kansa aka gurfanar.

Gazawa ta biyu ita ce talaka. Iyayen da ke cikin littattafan farko sarakuna ne da attajirai da malamai da fadawa. Manomin da ke fita da ɗansa gona da sassafe, wanda shi ne mafi yawan iyaye a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, bai sami gurbi a tsakiyar labari ba, sai dai a gefe, sau da yawa a matsayin baƙauyen da ake yi wa dariya. Saboda haka makarantar gandu, wadda ta tarbiyyantar da mafi yawan Hausawa, ta wuce ba a rubuta ta yadda ya kamata ba.

Gazawa ta uku ita ce, littattafan sun ɗauka cewa mai tsayawa a madadin uba zai samu ko yaushe. Alhaji ya sami liman, Umar ya sami Abdulkarim, Musa ya sami aku. A zamaninsu wannan zato yana da hujja, domin dangi suna wuri ɗaya, gari yana zaune. Ba su hango ranar da garin da kansa zai tashi ba.

7.0 Komawa Gida

Gandu ya fara sassautawa tun kafin a ji ƙarar bindiga. Shirin ba da ilimin firamare ga kowa na 1976 ya ɗauke yara daga gona da safe. Soke haraji da jangali da gwamnatin Alhaji Balarabe Musa ta yi a tsohuwar Jihar Kaduna a 1979, lokacin Katsina tana cikinta, ya sauke wa talaka nauyi, amma ya kwance ɗaya daga igiyoyin da suka ɗaure ɗa da gandun ubansa. Rabon gado ya ƙanƙantar da gonaki, faɗuwar masaƙu ta karya darajar auduga, cin rani ya koma zaman shekara a Kaduna da Abuja da Legas. Duk waɗannan sauye-sauye ne da al'umma take iya daidaitawa da su a hankali.

Abin da ya zo daga baya bai ba da wannan dama ba. Hare-haren 'yan bindiga sun hana noman gonakin nesa, sun tashi ƙauyuka, sun mayar da magidanta 'yan gudun hijira a garuruwan da ba su da ko taki ɗaya na gona. A watan Yuni na 2020 an kashe mutane da dama a Kadisau ta ƙasar Faskari. A daren Juma'a, 11 ga Disamba, 2020, aka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara aka kora ɗaruruwan ɗalibai cikin daji. Iyaye maza da mata suka yi kwanaki a ƙofar makarantar suna jiran labari, har aka sako yara 344 a ranar 17 ga watan. Satar yaro, wadda masu karanta Shaihu Umar suka ɗauka tarihin zamanin bauta ce, sai ga ta a ƙofar gida. A nan ya wajaba a faɗi gaskiya domin a yaba: iyaye mazan Ƙanƙara ba su yi irin shirun dangin Umar ba. Su ne suka kai 'ya'yansu makarantar kimiyya da guminsu, su ne kuma suka tsaya a rana suna neman a dawo da su. Haka nan a faɗin yankin an sha ganin uban da ya sayar da gona ko shanun huɗa domin ya fanshi ɗansa ko 'yarsa.

A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya na wasu watanni a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan uku, ta yadda uban da ke cin rani ko muryar ɗansa ba ya iya ji. A watan Oktoba na 2023 kuma gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma, wadda ta ɗebi matasa daga yankunan da abin ya shafa. Matakan tsaro wajibi ne, babu mai musun haka. Amma Sarki Abdurrahman ma ya sa masu gadi.

Tambayar da Magana Jari Ce ta bari ita ce ta fi dacewa da wannan hali. Yaron da aka tashi ƙauyensu, kakansa ya rasu, baffansa yana wani gari, malaminsa na allo ya yi hijira, ubansa ya fita neman abin da za a ci tun asuba, wa ke magana da shi da dare? Waɗanda suke ɗauke da bindiga a daji, da masu kai musu rahoto da abinci daga cikin gari, da yawansu matasa ne, kuma kowannensu yana da uba ko wanda ya kamata ya tsaya a matsayin uba, Bahaushe ne ko Bafulatani. Yaron da aka sace wa garken ubansa ya tashi ba sana'a, da yaron da aka raba da gonar ubansa, rami ɗaya suke fuskanta. Wani ya zauna da su ya ba su labari mai daɗi game da kuɗi da babur da ramuwa. Waziri bai taɓa rasa ɗan aike ba.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi littattafai huɗu ta nuna cewa marubutanmu na farko sun bambanta haihuwa da riƙo. Ruwan Bagaja da Shaihu Umar sun ba da darajar uba ga wanda ya riƙa. Jiki Magayi ya nuna cewa zaluncin uba yana bin ɗa, ko da yake ya fake da sammu. Magana Jari Ce kuwa ta nuna cewa ciyarwa da tsaro da umurni ba su wadatar ba sai an haɗa da zama da magana. An kuma nuna inda suka gaza, wato wajen 'ya mace da talaka, da kuma zaton cewa mai riƙo ba ya ƙarewa.

Abin da ya rage shi ne a ɗauki darasin. Kunyar ɗan fari da kawaicin uba al'adu ne masu kyau a lokacin da gida yake cike da masu magana. A inda gida ya watse, uban da ya ci gaba da yin shiru ya bar ɗansa ga duk wanda ya fara kiransa. Ba a bukatar dukiya kafin a ci tuwon dare tare da yaro, a tambaye shi inda ya wuni da wanda ya wuni da shi, haka ita ma 'ya mace. Marayun da wannan fitina ta bari kuwa suna jiran limaminsu da Abdulkarim ɗinsu daga cikin dangi da maƙwabta da masu unguwanni.

Akwai kuma aiki a gaban marubuta da masu bincike na jihar nan. Dattawan da suka yi rayuwar gandu a Ƙetare da 'Yankara da Daudawa da Sabuwa suna ƙarewa, ya kamata a ɗauki bayanansu tun suna raye. Labarin uban da ya kwana a ƙofar makarantar Ƙanƙara, da na wanda ya sayar da gonar gado ya karɓo 'yarsa, sun cancanci a rubuta su da irin ƙwarewar da aka rubuta na Sarki Abdurrahman. Hausawa sun ce kyan ɗa ya gaji ubansa. Kafin a nemi ɗa da gado, sai uban ya zauna ya miƙa masa abin da zai gada. Allah ya shirya mana zuriya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.